Gonar Mahaifiyarki da Benen Ikko

Babban Duhu, ta hannun Safana.

Zuwa ga ɗiyata Malama, uwar takwarana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kun sauka Ikko lafiya ke da yaron, kun kuma tarar da maigidanki Malam Sani cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya huce muku gajiyar hanya, Ya tsare ku daga sharrin mota da sharrin mutum, Ya sa ruwan garin ya karɓi jaririn. Ki gaishe mini da Malam Sani, ki ce masa na gode da ya bar ki kika yi arba'in a gida.

Har yanzu murna ba ta sake ni ba. Mutanen gari ba su daina yi mini dariyar ranar suna ba, da Liman ya ɗaga murya ya ce "Ummaru," ni kuma na amsa "Na'am" a gaban jama'a, don na ɗauka ni yake kira. Ban san za ku yi mini takwara ba. Jiya ma a masallaci wani ya ce, "Ina ƙaramin? Ko ya gudu ya bar ka da sunan?" Na ce ya tafi neman kuɗi, ya bar ni gadin gida. Duk wanda ya tsaya gaishe ni sai na ba shi labarin yadda yaron ya kama mini gemu ya ƙi saki, har na lura wasu sun fara gajarta gaisuwa.

Gwaggonki Abu ta koma ɗakinta a Safana washegarin tafiyarku. Babbar tukunyar da take dafa miki ruwan wanka tana nan bisa murhu, ban samu wanda zai kama mini mu sauke ba. Da hantsi gidan yakan yi tsit har in ji motsin ƙadangare a jikin zana. Matar maƙwabci tana aiko mini da tuwo, kada ki damu da wannan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙon da kika aiko Gwaggonki da shi ana gobe za ku tafi. Kina bayan zana kina saurare, na ga ƙafafunki. Ta ce wani dillali ya samo wa Malam Sani gida a cikin irin dogayen benen nan da ake sayar wa mutane sashe-sashe, kowa da ƙofarsa, abin hannunsa bai kai ba, kina so a sayar da gonar da kika gada wajen mahaifiyarki a cika. Na ce mata, "To, na ji." Na san wannan ba amsa ba ce. Amma ke 'yar fari ce. Tun da aka haife ki ba na kiran sunanki, ban taɓa zama mun yi doguwar magana ido da ido ba, kuma ba yanzu da furfura zan koya ba. A gaban takarda kuwa ba na jin nauyi. Ko don wannan kaɗai na gode Allah da na shiga ajin yaƙi da jahilci ina magidanci, muna zama da yamma a gindin durumin ƙofar Maigari, yara suna leƙen allonmu suna dariya.

Da Gwaggonki ta gama isar da saƙo sai ta gyara zama, ta sauke murya don kada ki ji.

"Wai gida a sama," in ji ta. "To ƙasan na wa?"

Na ce, "Na wani."

"Rufin fa?"

"Wani ke kwana a kai."

"To mi za su saya ke nan? Ɗiyar taka za ta saida ƙasar da ke ba da gero ta sayi tsakanin mutum biyu?"

Na yi dariya, amma abin bai zame mini baƙo kamar yadda ya zame mata ba. Kin san ɗorawar nan ta cikin gonar Tanimu ta gidanmu ce, ko da yake gonar tasa ce. Shi ya noma ƙasa, mu mu kaɗe abin da ke sama, tun zamanin kakanni, ba wanda ya taɓa kai wani ƙara. Ashe mutum yana iya mallakar sama, ƙasa na wani. Sai dai abin da ya sa wannan ya zauna lafiya shi ne duk garin nan an sani. Tsofaffi sun sani, yaran da ke satar ɗorawar ma sun san wa suke yi wa sata. A Ikko ba wanda ya san ki, ba wanda zai tashi ya ce ya ji daga bakin ubansa. Don haka bari in gaya miki inda ni na yi tuntuɓe da maganar ƙasa, a nan inda kowa ya san ni.

Wajen shekarar da aka samu mulkin kai, wani mutum mai suna Mati ya fito ta cikin daji daga yamma da matarsa da yara ƙanana, ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. Ina da gona a bakin fadama wadda na gada, ta fi ƙarfina a lokacin. Muka shaƙu, mutum ne mai kunya da riƙon salla. Wata rana na kai shi na nuna masa, na ce, "Je ka noma." Iyakar abin da na ce ke nan.

Da kaka ta yi sai ga shi da damin gero a ka, ya sauke a ƙofar gida.

"Malam Ummaru, ga na gona."

"Haba Mati, ni da kai? Ɗauki abinka, yaranka sun fi ni bukata."

"A'a, ka dai karɓa. Haka ake yi."

"In ka bar shi nan mun ɓata."

Ya sake ɗora damin a ka ya tafi. Mahaifiyarki tana daka a tsakar gida, duk ta ji. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, damin nan ba na ci ba ne, na tuni ne." Na ce mata ta ji da turminta. Shekara ta zagayo ya sake kawowa, na sake mayarwa, ina jin daɗin kaina, ina ganin na yi abin da mutumin kirki zai yi. Daga nan bai ƙara kawowa ba, don bai so ya ɓata mini rai.

Mati ya rasu bai taɓa cewa gonar tasa ce ba. Amma 'ya'yansa a cikinta suka yi rarrafe, a cikinta suka koyi riƙon fartanya. Lokacin da ƙanenki Isa ya tasa, kafin ya shiga soja, na je in karɓa masa. Babban ɗan Mati ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Baba, ai gonar babanmu ce." Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya buɗe ido ya gani ke nan. Muka je gaban alƙali.

"Da wane lafazi ka ba shi?" in ji alƙali.

"Na ce ya je ya noma."

"Ka ce aro?"

"Ban ce ba, Allah Ya gafarta Malam."

"Wa ke wurin?"

"Ni da shi da jakinsa."

Mutane suka yi dariya, alƙali bai yi ba. Ya ce, "Ya taɓa kawo maka dami?" Na ce ya kawo, na mayar. Sai alƙali ya yi mini bayanin abin da suke kira hauzi: in mutum ya riƙe ƙasa shekara da shekaru, mai ita yana gari, lafiyarsa ƙalau, yana gani bai yi magana ba, kuma ba shaidar aro, shari'a takan bar ta a hannun wanda ke riƙe. Ban ga laifin alƙali ba. Har yau in na bi ta bakin fadama yaran sukan ba ni rake, ina karɓa.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, ƙasa da suna take shiga hannun mutum. Ko aro, ko haya, ko jingina, ko kyauta, ko saye. A faɗi sunan da baki, a gaban mutanen da za su rayu bayanki. Wannan har tsakaninki da maigidanki. In kuɗin gonarki suka shiga cikin gidan nan, mene ne sunansu? Rance kika ba shi, ko kyauta, ko kuwa tarayya kuka yi? In tarayya ce, sunanki ya hau takarda kusa da nasa. Ba zargin Malam Sani nake yi ba, ban taɓa ganin abin ƙi a wurinsa ba. Mati ma mutumin kirki ne. Ba da shi na tsaya gaban alƙali ba, da waɗanda suka zo bayansa ne. Za ki ji kunyar faɗa masa, na sani, don jinina ce ke. Ki daure ki faɗa sau ɗaya.

Buhun geron da na sa aka ɗora muku a mota kuma ba tsaraba ba ne. Tun rasuwar mahaifiyarki nake noma gonarki, ban taɓa ba ki dami ba, ke ma ba ki taɓa tambaya ba. Na gonarki ne. Kada ki ce "ni da Baba."

Tuntuɓena na biyu ya fi ba ni haushi, don shi da karatuna na yi shi. Lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa, aka ƙara wa ma'aikata albashi, babura da rediyo suka cika gari, kowa ya shiga maganar fili. Aka ce za a zuba kwalta ta Batsari, wanda ya riga samun fili a bakin hanya ya huta. Ran wata kasuwar Batsari na gamu da wani dillali da ake ce wa Mai-jaka, don kullum yana rataye da jakar fata irin ta ma'aikata. Ya ji wani ya kira ni Malam, ya ga biro a aljihuna, ya jawo ni inuwa.

"Kai ai mai karatu ne," in ji shi. "Ba sai na wahalar da kaina kamar yadda nake yi da mutanen ƙauye ba. Ga takarda, duba da kanka."

Takardar da Turanci take, an buga ta da keken rubutu, ga hatimi a ƙasa. Ni kuwa Hausar boko kaɗai aka koya mana. Na juya ta, na gyaɗa kai kamar ina bi. Ya ce in na yarda mako mai zuwa zai kawo ta da sunana. Ya kuwa kawo. Malama, ban taɓa ganin sunana da bugun keke ba sai ran nan. Manyan baƙaƙe, a jere, ba karkata. Na karanta shi ya fi a ƙirga. Shi da kalmar Batsari su kaɗai na gane a duk takardar, kuma suka ishe ni. Kina kwalejin horon malamai a lokacin, da na jira hutu da kin karanta mini. Amma ni ne wanda mutanen gari suke kawo wa wasiƙunsu, yaya za a ji na kai wa 'yata tawa? Na sayar da gyaɗar shekarar da bijimin da nake kiwo, na ba shi.

Filin ma a bayan babur ɗinsa na gan shi. Muna wucewa ya miƙa hannu ya ce, "Ga shi can, daga kukar nan zuwa surin can." Ban ce ya tsaya ba. Ƙafata ba ta taɓa ƙasar ba.

Bayan kaka na ɗauki magini muka je. Muka tarar da wani mahauci yana haƙa harsashi. Muna cikin cacar baki sai ga wani direba ya zo da tasa takardar. Muka jera su uku a ƙasa, muka danne da duwatsu: rubutu ɗaya, hatimi ɗaya, suna kaɗai ya bambanta. Ba mu gama kallon juna ba garken shanu ya taho ya ratsa ta tsakaninmu, sai da muka kwashe takardun muka ba su hanya. Aka kira mai unguwa. Ya ce wurin burtali ne, hanyar shanu ce tun kafin a haife shi, ba mai ikon sayar da ita ko hakimi. Ya ce, "Da ɗayanku ya sauka ya gaishe ni, da na gaya masa kyauta." Mai-jaka kuwa tuni ya bar gari. Daga baya aka ce hatimin da robar tayar mota ya sassaƙa shi. Da na koma gida, mahaifiyarki tuwo kawai ta ajiye mini. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

To ki ji. Takarda ba ita ce ƙasa ba, labarin ƙasa take bayarwa, kuma labari yana iya zama ƙarya ko da an buga shi da keke. Kada a biya ko kwabo sai an je ofishin da ke kula da filaye an ga lambar gidan a littafinsu, an ga sunan wanda ke sayarwa a wurin. Na ji a rediyo cewa dokar da soja suka yi ta sa ƙasa duka a hannun gwamna amana, abin da mutum yake saye izinin riƙewa ne na wasu shekaru, kuma in zai sayar wa wani sai hukuma ta amince. To ku tambaya: izinin wa ke kan ƙasar da benen yake tsaye, shekara nawa ya rage, kuma an amince a sayar? Na kuma ji cewa wasu gidajen gwamnati ake ba mutum ya zauna yana biya a hankali, ba shi da ikon sayarwa sai ya gama. Irin wannan yana iya nuna muku mabuɗi, ya buɗe ƙofa, ya zaunar da ku a kujera, alhali ba nasa ba ne tukuna. Ku nemi lauya, amma ba wanda dillali ya kawo ba. Ku koma gidan wata rana ba tare da dillalin ba, ku ƙwanƙwasa wa na sama da na ƙasa, ku gaishe su, ku tambaye su wa suka sani da wurin, kuma mutum nawa aka riga aka kawo kallo. Ke kin iya Turanci, ki karanta da kanki har layin ƙarshe, har ƙananan rubutun. In kin ci karo da kalmar da ba ki sani ba ki tambaya, ko da za a ce Malama guda ba ta sani ba.

Akwai kuma abin da ba dillali a ciki, ba alƙali, amma shi ya fi ci mini rai. Ba ki da wayo sosai lokacin, ban sani ba ko kina tuna zauren gidanmu. Da kakanki ya rasu, ni da Yaya Sule, wana, muka raba gandu lafiya lau. Gonaki, rumbuna, ɗakuna, har tsofaffin garemani, ba wanda ya ɗaga murya. Muka ja zana a tsakar gida, shi gabas ni yamma. Da aka zo kan zaure sai muka ce ai wannan na kowa ne. Mutane suka yaba mana.

Zauren soro ne, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an yi masa yaɓe, an gyara indararo. Da kakanki yana raye, kalma ɗaya yake yi kowa ya fito da kwando. Shekarar farko ni kaɗai na yi. Ta biyu na ce bari in ga ko Yaya zai motsa. Shi kuma, yadda na ji daga baya, yana ganin aikin ƙane ne. Ruwa ya sauka ba a yi ba. Wata safiya muka haɗu a ciki, ɗigo yana sauka tsakaninmu.

"Yaya, zauren nan fa yana yoyo."

"Na gani. Ai kai kake zama ciki da masu kawo maka wasiƙa."

"Kai kuma jakinka ke kwana ciki."

"To ka gaya wa jakin ya hau ya yaɓe."

Dariya ya kamata mu yi, amma ba wanda ya yi. Kowa ya wuce. Damina biyu muna haka, azara tana shan ruwa. Cikin marka rufin ya rufto da rana tsaka, Allah Ya sa ba mutum a ciki, jakin ne ya tafi. A kan mushen jaki muka gaya wa juna maganganun da ba na so in rubuta. Ya fasa ƙofa ta gabas don kada mu riƙa haɗuwa. Bayan shekara ya kwashe iyalinsa ya koma Ruma wajen dangin matarsa. Kullum ina cewa in an gama girbi zan je, in an yi salla zan je. Ranar da na je, na tarar an dawo daga maƙabarta. Sashensa shi ne kangon da kika ga awaki suna kwana ciki. Da yanzu yana nan, da ina da wanda zan kira mu sauke tukunyar nan.

Gidan bene, yadda na fahimta, zaurensa ya fi ɗakunansa yawa. Matakala ta kowa ce, rufi na kowa ne, bututun ruwa, ramin masai, tanki, bangon da ke tsakaninki da maƙwabci, da ƙasar da duk kuke tsaye a kai. Kuma ba uba ɗaya kuke ba, ba ma yare ɗaya ba. Kafin ku shiga ku tambaya wa ke cewa a fito da kwando. In rufi ya yi yoyo, na saman kaɗai zai gyara ko kowa? In na ƙasa ya ga dama ya fasa bango don ya faɗaɗa shago, wa zai hana shi, alhali ɗakinku a kan bangon yake zaune? In Allah Ya kawo tsautsayi ginin ya lalace, kuna da rabo a ƙasar, ko kuwa abin da Gwaggonki ta faɗa ne? Duk wannan ya kasance a rubuce. In kuka ga matakala da datti, fitilarta a mace, kowa ya share iyakar ƙofarsa ya tsaya, to kun ga amsa tun kafin ku tambaya. In kuma kun shiga, ki biya rabonki na gyara ko maƙwabci bai biya ba, sa'an nan a yi masa magana a gaban sauran, da sanyin murya. Kada ki zauna jiran ganin wa zai fara motsawa.

Na tsaya nan na karanta abin da na rubuta, na ga duk ya karkata gefe ɗaya, kamar ina ce miki kada ki sayar. To ni ma ki yi hattara da shawarata. Tun da mahaifiyarki ta rasu, gonar nan ita ce inda nake zuwa. 'Yar gayaunar da ta rage mini a bayan gida kafin hantsi na gama da ita. Waɗanda muka zauna aji tare saura kaɗan, samari kuma duk sun tafi Kaduna da Ikko aikin gini. A gonarki nake yini, nakan yi sallar azahar a gindin marken da mahaifiyarki take sauke mana fura, wani lokaci nakan ji ina magana ni kaɗai. Kuma a raina ina ganin muddin gonar tana nan kina da dalilin zuwa. Wannan son zuciyar tsoho ne, ba shari'a ba ce. Na ji yadda mai gidan haya ya fitar muku da kaya waje kina da ciki. Yaron nan yana bukatar ɗakin da ba wanda zai zo ya ce a fita, kuma gero daga Babban Duhu ba zai yi masa rufi a Ikko ba.

Saboda haka ga abin da na yi. Na tuna lokacin da aka raba gadon mahaifiyarki a ɗakina aka yi, daga ni sai Gwaggonki. Isa ya ɗauki shanu, ke kika ɗauki gona, ni na bar muku rubu'ina. Ba wani na waje da ya ji. Duk garin nan ni suke gani a cikinta da fartanya, da yawa sun ɗauka tawa ce. In na faɗi yau, ba ki da shaida sai tsohuwa ɗaya. Ran Juma'a bayan an sauko na roƙi Liman da Maigari da mutum biyu da muke iyaka da su, muka taka har can. Muka zagaye ta, muka bi layin gamba daga kusurwa zuwa kusurwa. Na tsaya a tsakiya na faɗa da ƙarfi cewa gonar nan taki ce, ta gadon uwa, ni aro take a hannuna, kuma duk ranar da kika aiko a sayar, ni wakilinki ne, ba ni da ta cewa. Dole ta sa ran nan na kira sunanki, don Liman ya ce shaida ba ta tsayuwa a kan "Malama." Aka rubuta, kowa ya dangwala hannu. Na aika wa Isa a bariki, ya amsa cewa haka aka yi.

Muna dawowa Maigari ya ce, "Malam Ummaru, kai da kanka kake share wa mai saye hanya? In ta tafi ina za ka riƙa yini?" Na ce masa sai in zo ƙofar gidansa in dame shi da labarin jikana. Ya ce to gara ya sa baki kada a sayar. Ɗaya daga cikin maƙwabtan kuwa tun ba mu fita gonar ba ya fara tambayata ko gefen gabas yana riƙe ruwa, shi da ya fi ni sani.

Yanzu ba abin da ya rage sai kalmarki. In kun bincika kun ga gidan na gaskiya ne, kuma sunanki zai hau takarda, ki rubuto mini layi biyu. Zan sayar, zan tsaya sai ta yi daraja, kuma ba zan riƙe ki da komai a rai ba, Allah ne shaida. In kun ga da rami a ciki, ku bar shi ku nemi wani, gona ba ta tafiya ko'ina.

Ardo Buba ya aiko yana tambaya ko bana ma ya sauke shanunsa a gonar su kwana su yi mata taki, don ya ji ana cewa za a sayar. Na ce ya sauke. Ko wa zai shuka ta, ya same ta a ƙoshe.

Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari sama da ƙasa, Ya kare ku daga mai daɗin baki. Allah Ya raya Ummaru, Ya sa ya fi mai sunan wayo. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki da Yaya Sule. Allah Ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki,
Ummaru.